Gidan Wasan Kwaikwayon Yara na Palo Alto: Asalinsa da Manufarsa

Idan aka ambaci garin Palo Alto na Jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka, abin da yake fara zuwa zukatan mutanen yau shi ne kwamfuta da manyan kamfanoninta, da kuma Jami'ar Stanford wadda take maƙwabtaka da shi. Amma tun kafin Hewlett da Packard su kafa kamfaninsu a wani ɗan gareji na garin a 1939, mutanen wurin sun riga sun yi wani abin da ba a saba gani ba, watau sun ɗauki wasan kwaikwayon yara sun mai da shi aikin hukuma, ana biyan ma'aikatansa daga harajin jama'a kamar yadda ake biyan 'yan kwana-kwana da masu gyaran hanya. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda haka ta faru, a kuma duba abin da ya sa dattawan garin suka ga ya cancanta.

Kafin a shiga Palo Alto ya kamata a ɗan waiwayi baya, domin ba daga sama abin ya faɗo ba. A 1903 wata mata mai suna Alice Minnie Herts ta buɗe gidan wasan yara a wata unguwar talakawa ta birnin New York, inda baƙi 'yan ci-rani suka yi dandazo, galibinsu Yahudawa daga gabashin Turai. Ta fara da wasan Shakespeare mai suna The Tempest, kuma nufinta a bayyane yake: 'ya'yan baƙi su iya Ingilishi, su koyi zama irin na sabuwar ƙasarsu. Shahararren marubucin nan Mark Twain ya ɗaure mata gindi, amma duk da haka gidan bai wuce shekara shida ba ya durƙushe. A 1925 kuma wata malamar Jami'ar Northwestern, Winifred Ward, ta kafa nata a garin Evanston kusa da Cikago, a 1930 ta fitar da littafinta Creative Dramatics, wanda ya zama madogarar malamai shekara da shekaru.

A nan ne fa aka sami saɓanin da har yanzu bai ƙare ba. Wasu suna ganin abin da ya dace shi ne manya ƙwararru su yi wasa, yara su zauna su kalla, domin ta haka ne yaro zai ga aiki mai kyau har idonsa ya saba da shi. Ita kanta Ward ta bambanta abu biyu: kwaikwayon da yara ke ƙagawa a aji don amfanin kansu ba tare da 'yan kallo ba, da kuma shiryayyen wasan da ake kai wa dandamali, wanda a gidanta ɗaliban jami'a ke fitowa a matsayin manya, yara su fito a matsayin yara. Tsoron masu wannan ra'ayi shi ne kada tafi ya kumbura kan yaro, ko kunyar kuskure a bainar jama'a ta karya masa gwiwa. Wasu kuwa suka ce a'a, a sakar wa yaran dandamalin baki ɗaya. Wannan hanya ta biyu ita Palo Alto ya bi.

A shekarar 1932 Hazel Glaister Robertson ta tara yaran garin ta fara shirya wasa da su. Garin a lokacin ƙarami ne, ƙidayar 1930 ta ba shi mutum 13,652 kacal. Zamanin kuwa ba na annashuwa ba ne, domin karayar arzikin da ta faro a 1929 ta riga ta game ƙasar, har ya zamana a 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi. Mai hankali zai zaci a irin wannan hali abin da hukuma za ta fara yi wa rowa shi ne wasa. Sai ga shi ba da daɗewa ba hukumar garin ta rungumi aikin Robertson, ta sa shi cikin sashenta na wasanni da shaƙatawa. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san halin iyaye: uba ba shi da kuɗin kai ɗansa ko'ina, makaranta ta tashi da rana tsaka, yaro kuwa in bai sami abin yi ba zai nemo wa kansa.

Shekarun farko ba su da gidan kansu. Wadda ta share musu hawaye ita ce Lucie Stern, wata attajira wadda marigayi mijinta, Louis Stern, ɗan 'yar'uwar Levi Strauss ne, mai kamfanin wandon jins. Ita ta ba da kuɗin gina cibiyar jama'a ta garin, a cikinta har da gidan wasa na yara zalla wanda aka buɗe a 1937, sa'an nan ta ƙara da laburaren yara a 1940. Birge Clark, ɗan garin, shi ya zana gine-ginen. Abin lura shi ne ba ta riƙe su ba, hukumar gari ta miƙa wa. Ashe ke nan mai kuɗi ya gina, mai haraji ya ciyar, kuma wannan rabon aiki shi ne sirrin daɗewar gidan. Don a gane haka sai a gwada shi da babban shirin wasan kwaikwayo da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1935, wanda shi ma yana da sashen yara. Shirin ya fi na Palo Alto kuɗi da ƙwararru nesa ba kusa ba, amma da 'yan majalisa suka zarge shi da yaɗa gurguzu, sai suka datse masa kuɗi a 1939, ya mutu murus. Na ƙaramin gari bai mutu ba, saboda waɗanda ke yanke masa kasafi su ne iyaye da kakannin 'yan wasan, kuma da wuya kansila ya ɗaga hannu a rufe inda jikarsa ke fitowa a matsayin sarauniya.

To, mene ne yaro ke samu a ciki? Mai kallo fuskoki goma ko ashirin yake gani a dandamali, amma a bayan labule akwai wasu yaran da ke kula da fitilu, da masu jan labule, da masu fenti da ɗinkin tufafi, duk a ƙarƙashin idon ma'aikata manya. Tun daga ɗan shekara takwas har ɗan sakandare kowa na iya zuwa a gwada shi. Yaron da ba a zaɓa ba ya koyi haƙurin rashi. Wanda aka zaɓa ya koyi cewa in ya makara mutum talatin ne za su tsaya jiransa. Ga haddar magana, ga ɗaga murya a gaban jama'a ba tare da rawar baki ba. Mafi girma duka, yaro yana shafe makonni a cikin rigar wani, yau shi ne azzalumin sarki, baɗi shi ne marayan da aka zalunta, kuma babu darasin aji da ke koya wa mutum halin ɗan'uwansa kamar wannan. Ba a kafa gidan don ƙyanƙyashe taurarin fim ba. Akasarin waɗanda suka bi ta cikinsa wasu sana'o'i suka kama.

Sai dai kada a ɗauka tafiyar ba gargada. Da farko, Palo Alto garin malaman jami'a ne da masu hannu da shuni, don haka abin da ya yiwu a can ba lalle ya yiwu a kowane ƙauye ba. Na biyu, dogaro da haraji yana da nasa haɗarin. A 1978 masu jefa ƙuri'a a Kalifoniya suka zartar da dokar da ta ƙayyade harajin gidaje da filaye ga kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimarsu, asusun garuruwa ya girgiza, daga nan kuma kowace ma'aikata irin wannan sai ta riƙa kare kanta a gaban masu kasafi, tana jingina da ƙungiyar iyaye da masoya wajen tara gudummawa.

Jarrabawa mafi zafi ta zo ne a watan Janairu na 2008, sa'ad da 'yan sanda suka rufe gidan na 'yan kwanaki, aka dakatar da wasu ma'aikata, ana binciken yadda aka sarrafa kuɗin tafiye-tafiye da na sayar da tufafin wasa. A cikin waɗanda abin ya shafa har da Patricia Briggs, wadda take shugabancin gidan tun 1961. Tsofaffin 'yan wasa, wasunsu da furfura, suka cika zauren majalisar gari suna nuna rashin yarda. Bayan watanni aka rufe binciken ba a gurfanar da kowa a kotu ba, Briggs kuma ta yi ritaya a wannan shekara. Ma'aikacin gwamnati zai gane inda gizo ke saƙar: wurin da aka daɗe ana tafiyar da shi kamar gidan iyali, bisa amana da sanayya, ranar da mai binciken kuɗi ya ce a kawo rasit sai a ga amana ba ta da lamba a littafin akanta.

An naɗa sabon shugaba, wasa ya ci gaba. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen garin sun kai 68,572, watau ninki biyar na zamanin Robertson, amma gidan yana nan a titin Middlefield cikin ginin 1937, a hannun hukumar gari, kuma a 2032 zai cika shekara ɗari da kafuwa.