Mutanen Allo da Kunyar Bahaushe: Taƙaitaccen Tarihi

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƴar maƙala ita ce bin tarihin abin da za mu kira "mutanen allo", wato siffofin ƴan Adam da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke zanawa, suna magana, suna kuma lura da abokin hirarsu ta hanyar kyamara da makirufo.

2. Asali

Tushen abin yana Amurka. A 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT ya ƙirƙiro ELIZA, wadda ke amsa magana a rubuce, ba fuska ba ido. A 1991 Mark Weiser na Xerox PARC ya kawo ra'ayin cewa na'ura za ta ɓoye cikin ɗaki da kayan aiki, ta riƙa lura da mutum ko bai zauna gabanta ba. Hanyoyin biyu sun haɗu a 1999, sa'ad da Justine Cassell da abokan aikinta suka fitar da REA, dillaliyar gidaje mai bin motsin kai da hannun wanda ke mata magana. A 2014 Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta gabatar da Ellie, mai hira da mutum don gano ciwon damuwa. Cikin alamun da binciken ya dogara gare su akwai yawan kallon ƙasa.

3. Matsalar

Nan ne batun ya shafe mu. A Matameye, kamar sauran ƙasar Damagaram, matashi mai gaida dattijo yakan durƙusa ya sadda kai, suruki kuma ba ya haɗa ido da surukarsa. Wannan kunya ce da ladabi, amma na'urar da aka hora da fuskokin Amurkawa tana iya ɗaukar sa rashin lafiya.

Ta fuskar harshe an samu ci gaba: Google ya sa Hausa cikin fassararsa a 2013, a 2016 kuma masu bincike a Grenoble, Faransa, sun yi nazarin tsawon wasali don na'ura ta gane maganar Hausa. Sai dai waɗannan ayyuka sun tsaya ga sauti da kalma.

4. Kammalawa

Saboda haka muna ganin aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsuna shi ne ɗaukar hirarraki da hoto, da izinin masu magana, a kasuwar Matameye da zaurukanta, a bayyana ƙa'idojin kallo, shiru da karɓar magana. In ba a yi haka ba, ranar da aka kawo mutumin allo ɗakin likita ko aji, zai auna ƴaƴanmu da tiyar wata kasuwa.