Auren Bogi a Holiwud: Tarihin Wani Salon Labarin Soyayya

A cikin littattafan soyayya da ake bugawa a Amurka da Turai akwai wani reshe mai ba da labarin mata biyu, galibi taurarin fim, waɗanda ke ƙulla yarjejeniyar nuna wa duniya cewa suna soyayya alhali babu ita, daga bisani wasa ya koma gaske. Ko mene ne ra'ayinmu game da madigo, ya dace mu marubuta mu san asalin wannan salo da dalilin da ya sa yake riƙe masu karatunsa.

Idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar tushensa a Holiwud yake. A 1921 kamfanin Universal ya fara sanya sharaɗin kyakkyawar ɗabi'a a cikin yarjejeniyar 'yan wasansa, ta yadda abin kunya ɗaya ya isa a raba mutum da sana'arsa. A 1934 kuma aka tsananta dokar tace finafinai ta Hays. Saboda haka sai auren bogi ya zama mafaka. A 1955, lokacin da mujallar Confidential ke farautar asirin Rock Hudson, sai ya auri Phyllis Gates, sakatariyar wakilinsa Henry Willson. Auren ya mutu a 1958.

Su ma marubuta a ɓoye suke aiki. A 1952 Marijane Meaker ta fitar da Spring Fire da sunan aro Vin Packer, kuma editanta ya hana ta ƙare labarin da farin ciki don gudun fushin hukumar gidan waya. A wannan shekarar ce Patricia Highsmith ta buga The Price of Salt da sunan Claire Morgan. Sai a 1973 aka kafa maɗaba'ar Naiad Press domin irin waɗannan littattafai.

Marubutan baya-bayan nan sun ɗauko wannan tarihi sun yi aiki da shi ta hanya biyu. Taylor Jenkins Reid, a The Seven Husbands of Evelyn Hugo (2017), ta kawo tauraruwar da ta yi aure bakwai, alhali zuciyarta na wajen wata mace. Jae kuwa, a Just for Show (2018), ta juya abin: wata masaniyar halayyar ɗan Adam ce ta ɗauki 'yar wasa haya don ta fito a matsayin wadda za ta aura. A da ƙarya ce ke rufe so, yanzu so ne ke tsirowa a cikin ƙarya.

To, me ke hana mai karatu ajiye littafin? Sirri ne. 'Yan jarida na ganin abu ɗaya, taurarin na faɗa wa kansu wani, shi kuwa mai karatu ya riga kowa sanin gaskiya. Don haka kowane kallo da kowace kalma ma'ana biyu gare su. Ga kuma wa'adin yarjejeniya yana ƙaratowa, kuma in asiri ya tonu suna da sana'a ne za su salwanta.

Darasin da za mu ɗauka shi ne, ba yawan kalaman ƙauna ke jan mai karatu ba. Mu ba shi sirrin da mutanen labari ba su sani ba, mu sa wa'adi, mu kuma nuna masa abin da za a rasa.