Haraji da Gyaɗa a Ƙasar Kabo

Jama'a, a zamanin da, manomin Kabo da Gwarzo yakan fid da zakka da damin dawa, ya biya kuɗin ƙasa da wuri. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai aka ce a biya da sulalla. To, ina talaka zai samo sule? Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, kowa ya duƙufa nomanta don ya fita haraji. Da kuɗin nan Baitulmali ya biya hakimai da alƙalai albashi, ya taimaki makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa. Amma fa makaranta tana birni, mai biya yana ƙauye: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.