Yadda Aikatau a Turanci Ya Riƙe Ƙananan Kalmomi

A zamanin Sarki Alfred na Wessex, wanda ya rasu a shekarar 899, harshen mutanen Ingila ya fi kama da Jamusancin yau fiye da Turancin da ake koyarwa a makarantun Kumasi ko Bamenda. Ƙarshen suna shi ne ke nuna matsayinsa a cikin jimla. Sarki a matsayin aikau ana ce masa “se cyning”. Idan shi aka yi wa abu, sai ya koma “þam cyninge”, idan kuma abu nasa ne, “þæs cyninges”. Ƙananan kalmomin nan da masu nahawu ke kira haruffa, irin su “to” da “for” da “on”, suna nan tun lokacin, sai dai nauyin da ke kansu kaɗan ne, domin ɗafa-ƙeya ta ɗauke musu yawancin aikin.

Kowane aikatau yana da siffar sunan da yake nema. Aikatau na godiya, “þancian”, yakan sa wanda aka gode wa a siffa ɗaya, abin da aka gode a kansa kuma a wata siffa daban, ba tare da harafi ko ɗaya a tsakani ba. A yau dole a ce “thank him for the gift”. Wannan “for” gurbin tsohuwar ɗafa-ƙeya ta cike. Haka “hlysnan”, kakan “listen”, yakan haɗu da sunansa kai tsaye, alhali yau ba ya tafiya sai da “to”.

Abin da ya rushe wannan tsari ya daɗe yana aiki a ɓoye. Turanci yana ɗora nauyin furuci a kan gaɓar farko ta kalma, don haka wasulan ƙarshe suka riƙa raunana har suka zama sauti guda, daga bisani suka ɓace. Sai kuma ga mayaƙan teku daga Denmak da Norwe, waɗanda suka mamaye arewaci da gabashin ƙasar, aka kuma bar musu yankin bayan yaƙin Edington na 878. Harshensu ɗan uwan Turanci ne: tushen kalmomi kusan ɗaya, ƙarshensu daban. Mutum biyu da ke ciniki ko suka haɗa aure a irin wannan hali sukan riƙe tushen, su yi sakaci da ƙarshen. Masana sun sha bamban a kan girman tasirin wannan cuɗanya, amma abin lura shi ne a arewa ɗafa-ƙeyar ta fara zubewa, kuma daga bakin waɗannan baƙi Turanci ya karɓi “take”, ɗaya daga cikin aikatau da suka fi kowane jan haruffa a bayansu yau. Kundin tarihin da sufaye suka rubuta a Peterborough, wanda ya tsaya a 1154, ya nuna sauyin ƙarara a shafukansa na ƙarshe.

A daidai wannan lokaci wani abu ya juya. Tsohon Turanci yakan liƙa ƙaramar kalma a goshin aikatau. Ragowar wannan ɗabi'a ita ce “forgive” da “understand” da “withstand” da “overcome”. Sannu a hankali ƙaramar kalmar ta bar goshi ta koma baya, aka sami “give up” da “come in” da “break out”. Sunaye sun adana tsohon jerin, shi ya sa ake da “income” da “outbreak” kusa da “come in” da “break out”. Daga nan ne kuma bambancin da ke rikita ɗalibai ya samo asali. A cikin “look up the word”, kalmar “up” asalinta bayanau ce, tana iya tsallake karɓau a ce “look the word up”, kuma idan karɓau wakilin suna ne dole ta tsallake: “look it up”. A cikin “look at the word” kuwa “at” harafi ne na gaske, ba ya rabuwa da sunan da ke binsa. A ƙarni na 13 aka fara ganin jimloli irin “he was laughed at”, inda harafi ya zauna shi kaɗai a ƙarshe, abin da Faransanci da Latinanci ba su yarda da shi ba.

Cin Ingila da Wiliyam na Normandi ya yi a 1066 ya ɗora wani bene a kan ginin. Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na ƙarnuka, ya zuba wa Turanci aikatau masu yawa, Latinanci kuma ya biyo baya ta hannun malamai. Sakamakon shi ne kalmomi biyu ga ma'ana ɗaya: “go in” da “enter”, “give up” da “surrender”, “put off” da “postpone”. Ta farko ta gida da kasuwa ce, ta biyu ta kotu da littafi. Amma aikatau da aka aro ba su zo da haruffansu ba, kuma a nan ɗalibin Yamai ko Garwa da ya yi makarantar Faransanci yake tuntuɓe. Faransanci na cewa “dépendre de”, Turanci ya zaɓi “depend on”. Faransanci na cewa “entrer dans” da “obéir à”, Turanci ya yar da harafin a “enter” da “obey”. A “attendre” da “chercher” kuma akasin haka ne: Faransanci ba ya son harafi, Turanci sai da “wait for” da “look for”. Babu wata ƙa'idar hankali da za ta fitar da waɗannan. Al'ada ce ta daskare a kan kowane aikatau daban.

Malaman da suka sha Latinanci ba su ji daɗin abin ba. A 1672 marubuci John Dryden ya soki Ben Jonson saboda ƙare jimla da harafi, ya kuma koma ya gyara irin waɗannan jimloli a nasa rubutun lokacin da aka sake buga shi a 1684. Robert Lowth, a littafin nahawunsa na 1762, ya fi shi adalci: ya yarda cewa harshen yana karkata ga wannan salo kuma ya dace da zance, sai dai yana ganin gabatar da harafin ya fi kyau a rubutu mai nauyi. Malaman makaranta na baya su ne suka mai da shawara ta zama doka, dokar da masu harshen ba su taɓa bi a bakinsu ba. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya riga ya lura cewa wannan haɗi na aikatau da ƙaramar kalma yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙo. Sunan da ake kiran sa da shi yau, “phrasal verb”, bai bazu ba sai bayan littafin Logan Pearsall Smith na 1925.

Ga mai nazarin Hausa, abin sha'awa shi ne Hausa tana yin wani sashe na wannan aiki a cikin jikin aikatau kansa, a tsarin azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya fayyace a 1960. Inda Bature zai ce “eat up” da “drink up”, Bahaushe ya ce cinye da shanye. “Take away” ɗauke ne. “Go out” da “come out” kuwa fita ne da fito, wasali ɗaya ya raba su.