Yadda Aka Yi Ta Fama da Ƙwanƙwasar Inji, Daga Dalma Zuwa Kwamfuta

Duk direban da ya taɓa hawa tudu da tsohuwar mota shaƙe da kaya, yana kan babbar giya ya take totur, ya san ƙarar nan da ke fitowa daga cikin inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ba ita makanikai ke nufi ba idan sun ce inji ya buga, amma idan aka ƙyale ta can take kaiwa. Fistan ne ke matse fetur da iska, fulogi ya kunna wuta, wutar ta bi cakuɗen tana ci. Idan matsi da zafi suka wuce kima, ragowar da wutar ba ta riska ba sai ta fashe da kanta. Wannan fashewar ce ke cinye kan fistan, ta karya ringi, ta ƙona gasket.

Matsalar ita ce ƙarfin inji a matsin yake. Tun farkon ƙarni na 20 injiniyoyi sun san cewa ƙara matsi na ƙara ƙarfi, ya kuma rage shan mai. Ƙwanƙwasa ce ta tare hanya. Shi ya sa injin Model T na kamfanin Ford ya tsaya a matsin wajen 4:1, wato ana matse cakuɗen zuwa rubu'in girmansa kawai.

A Amurka, Charles Kettering ne ya ɗauki abin da zafi, kuma da dalili. Shi ya ƙera wa Cadillac ta 1912 sitata da tsarin kunna wuta da batir, sai abokan hamayya suka ce tsarin nasa ne ke jawo ƙarar. A 1916 ya damƙa binciken a hannun wani matashin injiniya, Thomas Midgley. A Ingila kuwa, Harry Ricardo ya ƙera injin gwaji da ake iya sauya masa matsi, ya nuna cewa kowane irin mai yana da iyakar matsin da zai jure. Ashe laifin na mai ne.

Midgley da mutanensa sun shekara biyar suna zuba sinadarai a fetur. Aidin ya yi aiki, amma yana da tsada kuma yana cin ƙarfe. Wani mai suna teluriyam ya fi shi, sai dai warin tafarnuwa da yake bari a jikin ma'aikata ba ya wankuwa. Ranar 9 ga Disamba, 1921, suka gwada wani ruwan sinadari na dalma, wanda ake taƙaita sunansa TEL. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na fetur ba ya kashe ƙarar. A Fabrairun 1923 aka fara sayar da shi a Dayton ta jihar Ohio, da sunan Ethyl. Ba a sa kalmar dalma a sunan ba, kuma ba mantuwa aka yi ba.

Sun san akwai wata hanya. Itanol, barasar da ake tatsa daga masara ko rake, yana maganin ƙwanƙwasa, Midgley da kansa ya gwada ya gani. Amma sai an zuba da yawa, kuma ba mai iya mallake shi ya riƙa karɓar la'ada a kan kowane galan. Dalma kuwa ana iya yi mata rajista. A 1924 General Motors da Standard Oil suka kafa kamfanin Ethyl. A Oktoban shekarar ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway ta New Jersey bayan sun zautu, aka kwantar da wasu da dama. Midgley ya fito gaban 'yan jarida ya wanke hannu da sinadarin don ya nuna ba shi da illa, alhali shi ma gubar ta taɓa kama shi har ya tafi hutun jinya a 1923. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar a faɗa masa nauyin wannan ganganci.

Ma'auni ya biyo baya. Wajen 1927 Graham Edgar ya kawo sikelin oktan: wani sinadari mai jure matsi aka ba shi 100, wani mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Lambobin 91 da 95 da ake gani a famfunan mai daga nan suka samo asali. Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna darajarsu, domin a 1940 jiragen yaƙin Birtaniya sun koma mai oktan 100 daga 87, abin da ya ba su damar ƙara wa injinsu na Merlin iska ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Jamusawa kuma suka riƙa fesa ruwa da metanol a cikin inji don sanyaya cakuɗen. Bayan yaƙi motocin Amurka suka gaji wannan mai, matsi ya haura 10:1 a shekarun 1960.

Sai lissafi ya juya. A 1965 masanin kimiyya Clair Patterson ya nuna yadda dalma ta cika iska da jikin mutane. Na'urar tace hayaƙi da aka fara sa wa motocin Amurka a 1975 ita ma dalma na kashe ta. Amurka ta haramta wa motoci fetur mai dalma a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021.

Da dalma ta kau, sai maganin ya koma jikin injin. A 1978 Buick ta sa wa injinta mai turbo wata 'yar na'ura da ke sauraren ƙwanƙwasa, a 1982 Saab ta Suwidin ta fito da tsarin da ke rage iskar turbo da zarar ya ji ta. Yau kusan kowace mota mai shan fetur tana da wannan na'ura: ta ji, ta sanar da kwamfutar inji, kwamfuta ta ja taimin baya. Haɗe da fesa mai kai tsaye cikin silinda, Mazda ta kai matsin 14:1 a injinan Skyactiv.

Sai dai kariyar tana da iyaka, kuma masu yi wa inji kwaskwarima su ne kan gaba wajen tsallake ta. Wanda ya ƙara iskar turbo ko ya sauya fistan dole ya biya da mai mai oktan sama, da na'urar sanyaya iska, da fulogin da ya dace, da sake saita kwamfuta. Wasu ma sun koma ga itanol da feshin ruwa, dabarun da aka sani tun da daɗewa. A garejinmu kuma ana ƙara matsi ba da niyya ba: duk lokacin da aka goge top bayan inji ya yi zafi, ɗakin ƙonewa raguwa yake yi. In aka haɗa da baƙin da ke taruwa a kan fistan, da zafin bazara, da fetur ɗin da aka gauraya da kalanzir, ga kuma mota 'yar Turai da aka ƙera don oktan 95, kwamfuta ba za ta iya ita kaɗai ba.

Idan ka ji ƙarar a kan tudu, sassauta totur ka sauko giya, sannan ka kai wa bakanike ya duba taimin, da fulogi, da lagireto, ka kuma sauya inda kake shan mai.