Daga Sallahu Zuwa Kiran WhatsApp

Mu da muka haura hamsin mun san zamanin da saƙo ke tafiya da ƙafa. In aka yi rasuwa a Zonkwa, wasiƙa ake rubutawa, sau da yawa da ajami, a ba direban tasha ko mai hawa jirgin ƙasa zuwa Kaduna. Tarhon NITEL kuwa sai ofis ko gidan wane da wane.

A watan Agustan 2001, zamanin Obasanjo, Econet da MTN suka fara aiki. Minti ɗaya naira 50, ko sallama kawai ka yi an cire. Sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan talaka ya ɗan sarara. Lokacin ne na masu kira a ƙarƙashin laima, da filashin, wanda har yau wasunmu ba su daina ba.

Amma ba mu san darajar waya ba sai bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, kada ya maimaita mana. Gidaje suka watse, wasu sansanin alhazai na Mando a Kaduna, wasu Zariya, wasu Kano, da yawa kuma ba su dawo ba. Katin waya ya shiga lissafin cefane, uwa na gaisawa da ɗanta tana ƙirga minti.

A 2015 WhatsApp ya kawo kiran murya, a 2016 na bidiyo. Tunda ta intanet muryar ke bi, data ake biya, ba nisa ba; kiran Kano da na Makka kuɗinsu ɗaya. Alhaji na Mina yana nuna wa iyalinsa tanti. Ɗan kasuwa na duba buhun citta a Kachia kafin ya tura kuɗi. Tsohuwar da ba ta yi boko ba ta danna ta yi magana, jikokin da aka haifa a Kano suka san fuskarta.

Sai dai mu da ke tsayawa gaban gawa muna lura da sahu. Ɗan'uwa na Kaduna, tafiyar yini ɗaya zuwa da dawowa, sai ya aiko da ta'aziyya ta saƙon murya. Addu'arsa ta isa, in sha Allahu, amma ba ta ɗaukar makara. Ga kuma muryoyin da ba a san mai su ba, masu cewa an kai hari wuri kaza, a garin da ya san abin da jita-jita ke haifarwa.

A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mun yi ƙorafi a kasuwa, muka kuma saya.