Rigar Tsamiya: Silikin da Tsutsar Daji ta Saƙa wa Sarakunan Daura

Ranar hawan Sallar Gani a Daura, idanun 'yan kallo kan tafi ga dawaki da lifidi da 'yan bindiga. Amma duk wanda ya matsa kusa da dattawan hakimai zai iya hango wata riga mai launin ƙasa-ƙasa, ba ta walƙiya, sai dai kwarjininta ya fi na shadda. Rigar tsamiya ke nan, kuma tsutsa ce ta fara saƙa zarenta.

Ba irin tsutsar da Sinawa suka shafe dubban shekaru suna kiwo da ganyen mulberi ba ce. Ta ƙasar Hausa 'yar daji ce, masana kimiyya na kiran danginta Anaphe, kuma ba a saba kiwon ta a ɗaki ba. Tsutsotsin kan taru da yawa a bishiya, irin su tsamiya da doka, su saƙa gida ɗaya mai kauri su shige ciki.

Daura ƙasa ce mai yashi da ƙarancin kurmi, don haka a da akasarin gidajen tsutsar daga dazuzzukan Bauci da Adamawa fatake ke kwaso su zuwa kasuwannin Kano, daga nan su bazu. Aikin fitar da zaren na mata ne, kuma aiki ne ja. Sai an tafasa gidan da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a tsettsefe da hannu, ga ƙaiƙayin gashin tsutsar yana cin fata. Bayan haka mace ta ɗauki mazari, ta shafa alli a yatsu, ta kaɗa shi kamar auduga. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, ko maɗinki ya zauna watanni yana fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga. Zaren ba ya shan rini sosai, shi ya sa aka fi barin sa da launinsa.

Tsamiya tana da kishiya: alharini, jan silikin da ayarin raƙuma ke ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus a da. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa shi cikin manyan hajojin da ake shigowa da su. Daura kuwa tana kan hanyar Kano zuwa Damagaram, ba ta rasa ganin wannan haja ba. Marigayi Philip Shea na Jami'ar Bayero ya yi nazari a kan wannan ciniki na siliki a Kano.

Da Turawa suka ɗora Sarki Musa a gadon sarautar Daura a 1906, kasuwancin Sahara ya riga ya fara dusashewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zaren kanti ya cika kasuwa, daga baya keken ɗinki ya karɓe aikin allura. Dajin da tsutsar ke rayuwa shi ma gatari da noma sun ci shi.

Rigunan da suka rage suna cikin adakar gidajen sarauta, asu na cin wasu. Ya kamata masarautar Daura ta tattara su, ta adana, ta kuma nemi tsofaffin da suka san kaɗin tsamiya a rubuta iliminsu tun suna raye.